Tambayoyi da amsoshi kan yadda ɗanɗano yake sauyawa idan shekaru sun ja

A gidaje da yawa na Aboabo, Asawase da Sabon Zongo a nan Kumasi, akwai wata 'yar taƙaddama da takan tashi bayan sallar magariba. An kawo wa dattijon gida tuwon zafi da miyar ayoyo, ya yi loma ɗaya, ya ture kwanon gefe, ya dubi matar ɗansa ya ce, "Yarinya, yau gishiri ya ƙare a kasuwa ne?" Ita kuwa ta durƙusa ta ce, "Baba, wallahi na sa, har da dunƙule biyu." A tsakar gida kuma jikoki suna ta suɗe hannu suna santi a kan miyar da aka ɗebo daga tukunya ɗaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu dafa wa iyaye da masu jinyar tsofaffi suka fi yi a kan wannan lamari.

Da gaske ne ɗanɗano yana raguwa da tsufa, ko kuwa rigimar tsofaffi ce kawai?

Da gaske ne, kuma a labarin da ke sama daga dattijon har surukarsa babu wanda ya yi ƙarya. Gishirin yana cikin miyar, amma adadin da ya ishi harshen ɗan shekara 20 ya gane shi bai ishi harshen ɗan shekara 75 ba. Raguwar takan fara bayyana ne daga wajen shekara 60, tana tafiya a hankali ta yadda mai ita ba ya lura, shi ya sa yake ɗora laifin a kan mai girki, ko a kan tumatirin zamani, ko a kan tukunyar gas da ta maye gurbin gawayi. Ba kowa ne take kamawa daidai ba. Akwai tsohuwar da ta haura 80 amma idan aka rage daddawa a miya sai ta faɗa, akwai kuma wanda bai kai 65 ba bakinsa ya riga ya mutu saboda taba ko magunguna.

Ta yaya harshe yake gane ɗanɗano tun farko?

Idan mutum ya dubi harshensa a madubi zai ga 'yan gudaji birjik a bisansa. A jikin da yawa daga cikinsu akwai wasu ƙulle-ƙulle da ido ba ya iya gani, kowane ƙulli kuma tarin ƙwayoyin halitta ne kimanin 50 zuwa 100, waɗanda aikinsu shi ne karɓar abin da ya narke a cikin yawu su aika da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Baligi yana da irin waɗannan ƙulle-ƙulle tsakanin 2,000 da 10,000, galibinsu a harshe, wasu a can cikin ganɗa da maƙogwaro. Ƙwayoyin ba sa daɗewa, domin cikin kwana 10 zuwa mako biyu sukan mutu sababbi su fito, wanda shi ne dalilin da ya sa idan koko mai zafi ya ƙona harshe, bayan 'yan kwanaki komai ya koma daidai. Da tsufa wannan sabuntawa takan yi sanyi.

Abin da harshe yake iya ganewa iri biyar ne kacal: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da na biyar wanda Bature ya aro masa suna daga Japan yake kira umami. Wani masanin sinadarai na birnin Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano a 1908 cewa sinadarin gulutamet ne yake ba da shi. Mu dai mun san shi tun kafin a raɗa masa suna, domin shi ne daɗin nan mai cika baki da ake ji a romon nama, da busasshen kifi, da daddawa. Zanen da ake koya wa yara a makaranta, wai zaƙi a tsinin harshe yake, ɗaci kuma a can baya, kuskure ne da ya samo asali daga mummunar fahimtar wani binciken Jamus na 1901. Kowane sashe na harshe yana jin duka biyar ɗin.

To idan iri biyar ne kawai, ta ina ake bambanta miyar kuka da miyar kuɓewa?

Ta hanci, kuma nan ne gizo yake saƙa. Yayin da mutum yake tauna, tururin ƙamshin abinci yana bi ta bayan maƙogwaro ya haura zuwa can ƙuryar hanci, inda ake da masu karɓar ƙamshi kusan iri 400. Ƙwaƙwalwa ce take haɗa saƙon harshe da na hanci ta mayar da su abu ɗaya, sai mutum ya ɗauka duk a bakinsa ya ji. Duk wanda ya taɓa cin waakye yana fama da mura ya san yadda shinkafar da waken da shito suke zama kamar ana tauna auduga. Wanda yake son ya gwada, ya toshe hancinsa da yatsu ya kurɓi sobolo, wato zoɓo: zai ji zaƙi da tsami, amma citta da kanumfari ba za su bayyana ba sai ya saki hancin.

Jin ƙamshi kuwa ya fi ɗanɗanon harshe saurin tsufa nesa ba kusa ba. A 1984 Richard Doty da abokan aikinsa na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 1,955, daga ɗan shekara 5 zuwa 99. Sun samu cewa fiye da rabin waɗanda ke tsakanin 65 da 80 jin ƙamshinsu ya yi rauni ƙwarai, bayan 80 kuwa abin ya haura kashi uku cikin huɗu. Saboda haka idan dattijo ya ce miya ta yi salam, sau da yawa ƙamshin daddawa da albasa da kifi ne ya ɓace masa, amma da yake ba shi da sunan da zai kira abin da ya rasa, sai ya kira shi gishiri. A ƙara gishirin, ya ci, ya ce har yanzu da saura, domin ba shi ne ya ɓata ba.

Wane ɗanɗano ne ya fi jimawa bai dushe ba?

Zaƙi. Gishiri da ɗaci da tsami sun fi shi saurin raguwa a wurin yawancin tsofaffi. Wannan yana cikin abin da ya sa za a ga tsohon da a da ba ya kula da kayan zaƙi ya koma ba ya son komai sai shayi mai madarar gwangwani da cokali huɗu na sukari, ko burkina, ko koko da aka zuba wa sukari har ya kwanta a gindin kofi. Mutane sukan ce tsufa ya mayar da shi yaro, alhali yana bin abin da ya rage masa yana ji ne. Matsalar ita ce ciwon sukari ya yi yawa a wannan shekaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 25 a yini, wato ƙananan cokula shida. Kofin shayi biyu irin na majalisa sun cinye wannan kaso.

Ina matsayin yaji a cikin wannan lissafi?

Yaji ba ya cikin biyar ɗin. Sinadarin da ke cikin barkono yana taɓa jijiyoyin da ke jin zafi da raɗaɗi ne, waɗanda hanyarsu zuwa ƙwaƙwalwa dabam take da ta ɗanɗano, kuma gano mai karɓar wannan sinadari yana cikin aikin da ya sa David Julius ya sami kyautar Nobel a 2021. Haka baurin goro da na ɗanyar ayaba, da sanyin na'ana'a, duk ji ne na fatar baki. Amfanin sanin wannan shi ne, wanda ƙamshi ya ɓace masa yakan ci gaba da jin yaji da citta da masoro, don haka suna iya farfaɗo masa da marmarin abinci, matuƙar ba shi da gyambon ciki ko ƙwannafi da suke tayar masa.

Me ya sa yaro yake tofar da gauta da goro, amma idan ya girma ya nemi su da kuɗinsa?

Jariri yana zuwa duniya da son zaƙi da ƙin ɗaci, kuma akwai hikima a ciki, domin nono yana da zaƙi, yawancin tsirrai masu guba kuma suna da ɗaci. Yara sun fi manya son zaƙi mai ƙarfi, har sai sun kai shekarun balaga abin yake lafawa. Sauran kuwa sabo ne. Masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya sun nuna cewa ƙamshin abin da uwa take ci yana ratsawa cikin ruwan mahaifa da nono, ta yadda yaro yakan fi karɓar abincin da ya riga ya saba da ƙamshinsa tun yana ciki. Ɗan Zongo da aka haifa cikin ƙamshin daddawa ba ya ganin warinta, baƙo kuwa sai ya toshe hanci. Yaron da ya ƙi wani ganye sau ɗaya ko sau biyu, a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan ba tare da tilas ba, sau takwas ko goma yakan isa ya saba.

Goro shi ne babban misali a wurinmu, tunda fataucinsa ne ya kawo kakanninmu Gwanja da Salaga har suka gangaro Kumasi. Babu yaron da ya fara tauna shi ya ji daɗi. Amma saurayi yana ganin manya suna ɓara shi a wurin ɗaurin aure da suna, yana jin yadda yake kore barci, yana jin zaƙin ruwan da aka sha a bayansa, a hankali ɗacin ya zama abin so. Akwai kuma bambancin gado: wasu mutane an halicce su da jin wasu nau'o'in ɗaci fiye da wasu, shi ya sa 'yan'uwa biyu ciki ɗaya, ɗaya yana cin miyar shuwaka yana santi, ɗayan ko a bakinsa.

Magungunan da tsofaffi suke sha suna da hannu a ciki?

Ƙwarai kuwa, kuma a ganina wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi kafin a ce tsufa ne. Dattijon da yake da hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa yana iya haɗiyar ƙwayoyi iri biyar ko shida a yini, kuma magunguna da dama suna taɓa ɗanɗano. Flagyl sananne ne wajen barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, kamar mutum ya tsotsi kwabo. Metformin na masu ciwon sukari yakan yi haka ga wasu, musamman a farkon shansa. Captopril na hawan jini yakan dusar da ɗanɗano. Wasu kuma ta hanyar busar da baki suke ɓarna, irin su Piriton na mura da ƙaiƙayi, da amitriptyline, da ƙwayoyin da ke sa yawan fitsari.

Kada wanda ya karanta wannan ya ajiye maganinsa da kansa, domin barin maganin hawan jini yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, wanda ya fi lamin miya muni. Abin yi shi ne a tattara duk abin da tsohon yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da wanda aka saya a kemis ba tare da takarda ba, a kai wa likita, a faɗa masa lokacin da bakin ya fara sauyawa. Sau da yawa akwai wani maganin da zai yi aiki iri ɗaya ba tare da wannan illa ba.

Mene ne ruwan yawu da haƙora da jin daɗin abinci?

Babu abin da harshe yake iya ɗanɗanawa sai ya narke, yawu kuwa shi ne mai narkarwa. Lafiyayyen mutum yana samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Idan baki ya bushe, ko don magani, ko don ƙarancin shan ruwa, abinci yakan zama kamar dusa, ga wuyar haɗiya. Tsofaffi kuma ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar matasa, wasu ma da gangan suke rage ruwa don gudun yawan tashi fitsari da dare ko sabunta alwala. A watan azumi abin yakan ƙaru, shi ya sa ya fi dacewa tsoho ya buɗe baki da ruwa da dabino da wani abu mai ruwa-ruwa, ya ɗan dakata kafin a kawo mai nauyi.

Wanda haƙoransa suka zube ba ya tauna sosai, ƙamshin da ke cikin lomar kuma ba ya fita ya kai hanci. Haƙoran roba na sama suna rufe ganɗa, suna rage jin laushi da ɗumin abinci, idan kuma ba a cire su da dare ana wankewa ba sukan jawo farin ƙurajen baki da ke ɓata ɗanɗano gaba ɗaya. Ciwon dasashi yana barin ɗaci da wari. Asuwaki ko buroshi safe da dare, tare da goge bisan harshe a hankali, yana gyara fiye da yadda ake zato.

Me zai hana a ƙara masa gishiri ko dunƙule kawai a zauna lafiya?

Domin wanda ya fi kowa neman ƙarin gishirin shi ne wanda gishirin ya fi yi wa illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin burodi, kifin gwangwani, shito, yajin tsire, da kifin gishiri irin su koobi da momoni da muka koya daga maƙwabtanmu. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, don haka mai girkin da ta ce ta rage gishiri amma ta ƙara dunƙule ba ta rage komai ba. Kanwa ma da ake jefawa a miyar ayoyo da kuɓewa sinadarin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, shi ne kuma abin da ke tayar da hawan jini a cikin gishiri.

Abin da zai kwantar da hankali shi ne harshe yana sabo. Idan aka riƙa rage gishiri kaɗan-kaɗan, cikin wata biyu zuwa uku mutum yakan dawo yana jin tsohon adadin ya yi masa yawa. Amma a yi hattara da gishirin kanti da ake tallatawa cewa na masu hawan jini ne, domin yawancinsa da fotasiyam ake haɗa shi, wanda yake da haɗari ga mai ciwon ƙoda da mai shan maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan. Sai an tambayi likita.

To me mai girki za ta yi?

Ta nemi ƙarfi daga wajen ƙamshi da tsami da garɗi. Daddawa, busasshen kifi da aka daka, jatan lande, tumatir da ya nuna aka soya shi ya ƙone ruwansa, duk suna ba da daɗin romo. Citta, tafarnuwa, kimba, kanumfari, masoro, ɗoɗɗoya da prekese suna tayar da hanci, kuma ya fi kyau a ajiye wani kaso a zuba dab da saukewa don kada ƙamshin ya tafi da tururi. Matsin lemun tsami ko ɗan ruwan tsamiya yakan sa miya mai ƙarancin gishiri ta farka. A kai abincin da ɗuminsa, domin tuwon da ya huce ba ya tashin ƙamshi. Idan akwai ɗan gishirin da za a sa, barbaɗa shi a bisa abincin a gaban mai ci ya fi narkar da shi a tukunya, tunda kai tsaye yake sauka a harshe.

A kuma bambanta abin da ke cikin kwano, mai laushi da mai ƙaras-ƙaras, koko da ƙosai, waakye da ɗan gari da ganye, saboda baki yana gajiya da abu ɗaya. Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne zaman cin. A al'adarmu ana kai wa dattijo abincinsa ɗaki don girmamawa, ya ci shi kaɗai, amma mutum ya fi ci idan yana da abokin ci. A tura masa jika ɗaya ko biyu su sa hannu tare.

Wane haɗari ne ke tattare da raunin hanci ban da rashin jin daɗin abinci?

Biyu ne manya. Gas ɗin girki ba shi da wari na kansa, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don a gane idan yana tsiyaya, tsohuwar da hancinta ya mutu kuwa tana iya kunna ashana a ɗakin da ya cika da shi. Na biyu shi ne abincin da ya lalace, musamman idan an ɗauke wuta firji ya kwana a kashe: miyar da kowa zai ji ta yi tsami ita ba za ta ji ba. Ya kamata wani mai ƙuruciya a gidan ya riƙa duba tiyo da kan tukunyar gas, ya kuma sansana abin da ya kwana kafin a ɗumama mata.

Yaushe ne ya kamata a tafi asibiti?

Na tsufa a hankali yake zuwa cikin shekaru. Duk abin da ya zo farat ɗaya cikin kwanaki ko makonni yana da wani dalili, kamar yadda mutane da yawa suka gani bayan korona ta shigo Ghana a watan Maris na 2020, lokacin da matasa ma suka wayi gari ba sa jin ƙamshin turare. Toshewar hanci da ta daɗe, tsiron nama a cikin hanci, buguwa a kai, ciwon kunne na ciki, tunda ɗaya daga cikin jijiyoyin ɗanɗano ta cikin kunne take ratsawa, ciwon ƙoda, ƙarancin zinki ko bitamin B12, da gashin da ake yi wa ciwon daji a wuya ko kai, duk suna iya jawo shi. Raunin jin ƙamshi kuma yakan riga cutar Parkinson da ta Alzheimer bayyana da shekaru, don haka idan ya haɗu da karkarwar hannu ko yawan mantuwa a faɗa wa likita.

A gaggauta idan tsoho yana ramewa, zobe yana zamewa daga yatsa, ko yana mayar da kwano kullum da rabin abinci, ko akwai gyambo a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko mai sa ta a baki. Idan kuwa baki ya karkace ko magana ta sarƙe, wannan ba ya jiran wayewar gari. Ana farawa daga asibitin unguwa, su kuma su tura sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibitin Komfo Anokye idan da buƙata. Wanda ya haura shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta ƙasa, sai dai a tabbata katinsa bai mutu ba kafin a fita.

Idan ya tafi yana dawowa?

Ya danganta da abin da ya kore shi. Wanda magani, bushewar baki, ciwon dasashi ko toshewar hanci suka jawo yakan dawo idan an gyara dalilin. Wanda ya bar taba yakan fara jin bambanci cikin makonni. Ga waɗanda mura ko korona ta ɗauke wa jin ƙamshi, likitoci suna ba da shawarar horar da hanci: a zaɓi abubuwa huɗu masu ƙamshi dabam-dabam, misali kanumfari, ɓawon lemun tsami, man zafi da turaren wardi, a riƙa shaƙar kowanne na kimanin daƙiƙa 20, safe da yamma, har wata uku ko fiye. Na tsufa zalla ba ya komawa yadda yake a ƙuruciya, sai dai a lallaɓa abin da ya rage da dabarun girkin da aka ambata. Ƙwayoyin zinki da ake saya a kemis suna taimakon wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancinsa ne kawai, yawan shansu kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin tagulla da jini da jijiyoyi suke buƙata.